Ciwon da Ya Kai Yaya Salamatu Sahun Gaba

Da sunan Allah, wanda ciwo da magani duk nasa ne. Na rubuta wannan domin mutanenmu na Zongon Lome, da duk wanda likita ya taɓa ce wa ciwonsa kaɗan ne, ya koma gida. Ni malamar firamare ce. Aikina jan layi da jan biro a ƙarƙashin kuskuren 'ya'yan mutane. Kuskuren da zan ba da labarinsa na gari guda ne, har yau ban san a ƙarƙashin sunan wa zan ja layin ba.

Mai ciwon yayata ce, Salamatu, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, da tukunyarta ta yi mini makaranta har na zama abin da take kira Metires, wato malama da Faransanci, tana jan kalmar kamar mai gwada ƙarfin roba. Mijinta direba ne, ya rasu a hanyar arewa ya bar mata yara huɗu. Ayimolu take sayarwa, shinkafa da wake, a tashar Zongo. Duk mai sayar da abinci ta san bambancin bakin ƙofar tasha, inda direbobi ke saukowa da yunwa, da bayan tasha kusa da makewayi, inda ƙuda ne kawai ke ciniki. Yaya ta yi shekaru a baya.

Yaran yanzu ba su san animasiyo ba, to bari in yi musu darasi. A lokacin jam'iyya ɗaya ce a ƙasar, kuma jam'iyyar tana son rawa. Kowace unguwa tana da rukuninta, maza da mata cikin atamfa iri ɗaya mai hoton Shugaba. A jeru sahu-sahu, a yi waƙar yabo, a taka, duk ranar da babban baƙo zai sauka, ko Shugaba zai tashi, ko zai dawo. Ba a taɓa cewa dole ne ba. Na son rai ne, sai dai ana lura da wanda ransa bai so ba. Mu 'yan Zongo mun fi kowa son rai. An riga an tashe mu daga tsohon Zongo na tsakiyar gari an kawo mu nan bayan gari, kuma ko a Lome aka binne cibiyarka, in sunanka Garba akwai ofishin da za a tambaye ka yaushe ka zo.

Yaya tana sahun baya tare da sauran zawarawa masu motsa kafaɗa don a ga sun zo. Sai wata shekara ta soma canzawa. Barcinta ya ragu, amma ba ta gajiya. Tana cin abincin mutum biyu tana ramewa. Ko da damina, kowa na neman mayafi, ita tana fifita da murfin kwano. Gaban wuyanta ya ɗan cika, abin da matan nan ke kira kyau, har masu zuwa sayen abinci suna cewa, "Salamatu, wannan wuya kuma na wa ake tanada?" A wajen gwajin rawa kuwa, sauran mata su yi zagaye uku su nemi bango, ita tana tsakiyar fili kamar an ɗaura mata inji.

Magajiya Asibi, shugabar matan Zongo, ita ke jera sahu, kuma ta bakinta ake raba wuraren zama a tasha. Ta ga Yaya, ta ciro ta daga baya ta kai ta sahun gaba, Yaya ke ba da waƙa sauran su amsa. Sati bai zagayo ba tukunyar Yaya ta koma bakin ƙofa. Muka yi murna, muka raba ƙosai sadaka. Ciwo muka yi wa barka, ba mu sani ba.

Wata yamma na dawo daga makaranta na same ta zaune kan turmi, hannunta a ƙirji.

"Metires, zo ki ji. Makaɗin cikina ya sha wani abu."

Na ɗora kunne a ƙirjinta, na saurari bugun zuciyar. Na san wannan sautin daga aji: ɗalibin da bai iya karatu ba, ya ruga, ya tsallake kalma, ya tsaya, ya sake rugawa. Na ce tun yaushe? Ta ce ya daɗe, yana zuwa yana tafiya, yanzu ne ya tare.

Makon farko na dangi ne, kamar yadda aka saba. Kawu Garba, ƙanen mahaifinmu, mai fataucin goro, ya zo ya zauna kan kujerar da ta fi kyau ya yanke hukunci: zuciyar bazawara ce, maganinta miji, kuma yana da aboki. Kafin abokin ya shirya, ta riƙa cin farin goro da safe. Wata gwaggo ta ce iska ce, an karɓo rubutu, Yaya ta sha, Allah ya saka wa malamin. Da na ce ko maƙoƙo ne, sai tsakar gida ta ɗauki dariya.

"Boko dai!" in ji Kawu. "Kin taɓa ganin maƙoƙo? Ni na gan shi a ƙauyukan arewa, kamar an rataya wa mutum gwanda. Wannan ɗan cikar wuyan, mata har addu'arsa suke yi."

Mako na biyu na ja ta asibiti. Daga sabon Zongo zuwa cikin gari tafiya ce, sai ka yi sallar asuba da takalmi a kusa. Mu isa mu tarar da layi ya riga mu, kamar a can ya kwana. Layin kati daban, layin awo daban, layin ganin likita kuma benci ne da ake matsawa a kai da ɗuwawu har azahar. Duk ranar asibiti tukunya ba ta hau wuta ba ke nan, Yaya kuwa tana zaune tana lissafa direbobin da suka ci abincin wata.

Likitan saurayi ne, mai sanyin murya. Ya tsaya a bayanta ya ɗora yatsu a wuyanta ya ce ta haɗiyi ruwa. Ya sa ta miƙa hannuwa, ya ɗora fallen takarda a kai, takardar ta kama rawa ita ma. Ya saurari ƙirjinta ya daɗe. Ya ce a ɗebi jini, amma irin wannan awon sai an aika da shi waje, mu dawo in ya iso. Awon nan shi ya cinye 'yan kunnen auren Yaya. Muka yi ta zuwa ana cewa bai iso ba, har masu gadin ƙofa suka soma gaishe mu da suna.

Ranar da ya iso, likita ya yi mana bayani, kuma na yaba masa, da malami ne da ya yi suna. Ya ce a gaban wuya akwai wata 'yar tsoka, tiroyid, ita ke ba jiki sauri ko nawa, kamar makaɗi da 'yan rawa. Ta Yaya ta ɗan fi ƙa'ida sauri. Ya duba takardar ya ce, "C'est léger." Wato abu ne mara nauyi. Kalmar nan ta zauna mini a kunne har yau. Ya ce lambar ba ta kai a taɓa tsokar ba tukuna, sai a jira a sake awo. Amma zuciyar da aka daɗe ana ɗan kora ta, ko a hankali ne, takan rikice, kuma in bugunta ya rikice jini kan iya yin guda a ciki, gudan ya tafi inda ba a so. Ya rubuta wata 'yar ƙwaya mai rage wa zuciya gudu. Ban da goro, ban da tsayuwa a rana, ban da aikin da zai sa ta haki.

Na ce, "Dokta, ita ke ba da waƙa a animasiyo. Ka ba mu takardar hutu."

Ya tashi ya tura ƙofa, ya dawo ya zauna.

"Madam, in na rubuta, wani likita za a kai wa ya duba. Zai ga lamba ta gota da kaɗan. Zai ce wannan ba ciwon hana rawa ba ne. Daga nan sai a tambaye ni me nake nufi."

"Wato ciwon ya isa ya taɓa mata zuciya, amma bai isa ya zaunar da ita ba?"

"Na ce kada ta yi rawa."

"To rubuta."

"Na faɗa miki da baki."

Ban riƙe shi a zuciya ba. Daga baya wata nas ta raɗa mini cewa wanda ya riga shi zama a kujerar hannunsa ya cika sauƙi wajen ba da takardar hutu, yanzu yana wani ƙauye yana duba marasa lafiya da fitilar ƙwai.

Na tafi wurin Magajiya. Ta sa aka shimfiɗa mini tabarma, ta saurare ni har na gama, tana jan carbi.

"'Yata, na ji. Ina takarda?"

"Babu, Inna. Likita ya faɗa da baki."

"Ni ma da baki zan je in faɗa? In ce musu mai ba da waƙar Zongo ba ta da lafiya, ga ta can tana sauke tukunyar da maza biyu ke ɗauka? Kin san abin da za su ji? Za su ji Zongo ta ƙi. Ba Salamatu za su ji ba, Zongo."

"To ki mayar da ita baya."

"Sun san fuskarta. Sun san muryarta. Kuma wurin bakin ƙofa na sahun gaba ne, ba ni na ce ba. In ta koma baya, akwai mata biyar da tukunyarsu ke wanke suna jira."

Na ce to ni in karɓe ta. Magajiya ta dube ni daga ɗankwali zuwa takalmi. Ta taɓa ganina ina jagorantar ɗalibaina a faretin makaranta.

"Metires, Allah ya ba ki ilimi. Amma ke in kina rawa kamar kina goge allo ne."

Ƙwayar ta yi aiki, wannan dole in faɗa. A makonnin da suka biyo makaɗin ya ɗan natsu, Yaya ta soma barci, hannunta ya daina zubar da miya. Sai dai abin da ya kwantar da zuciyar ya kwantar da ƙafa. A wajen gwaji ta soma jan ƙafa, muryarta ba ta kai ƙarshen baiti. Akwai wani mutum da jam'iyya ke aikowa ya duba gwaji, mai baƙin tabarau, ba ya zama ba ya gaisawa. Rannan ya kira Magajiya gefe, amma da ƙarfi ya yi maganar don kowa ya ji.

"Madam, Zongo ta gaji da mu ne? Wannan ta gaban, ina murmushinta?"

Ranar gwaji na gaba na miƙa wa Yaya ƙwaya da ruwa, ta karɓi ruwan ta bar mini ƙwayar a tafin hannu.

"Ranar rawa ba na sha."

"Yaya, likita ya ce kullum."

"Likita ya ce, Magajiya ta ce, mai tabarau ya ce. Kowa ya ce, ni ce mai ƙafa."

"Zuciyarki fa?"

"Zuciyata ta yi shekara tana gudu ba ta faɗi ba. Ke kina da albashi, Metires. Ni ƙofar tasha nake da ita. In na koma bayan makewayi, takardar likita zan dafa wa yaran nan? Au, na manta, ko takardar babu."

Na yi mata duk abin da na iya. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi bayani da zane a ƙasa kamar ina aji. Na haɗa ta da Kawu, shi kuwa ya ce dama bai yarda da ƙwayar da ke hana mutum goro ba. Wurin da ya rage in kai ƙara shi ne sama da Magajiya, kuma malamar gwamnati mai suna irin nawa in ta je can ta ce rawar Shugaba na cutar da yayarta, to ta haɗa kayanta tun kafin ta fita gida. Haka muka zauna. Ranakun tukunya ta sha magani, ranakun rawa ta bar ciwon ya yi mata aiki. Ni kuwa na koyi riƙe wuyan hannunta da sunan ina duba awarwaro.

Sai aka ce wani shugaban ƙasa zai kawo ziyara, gwaji ya koma kusan kullum. Ranar saukarsa aka kwashe mu a manyan motoci tun da safe aka jera a hanyar filin jirgi, ni da ɗalibaina a wani gefe da 'yan tutoci, rukunin Zongo can gaba. Jirgin ya makara, kamar yadda jirgin manya ya saba. Ba a yarda a zauna ba, kada ya sauko ya tarar da ƙasa a zaune. Rana ta hau, ta tsaya, ta soma gangara. Yara biyu suka faɗi a sahuna. Daga inda nake ina jin muryar Yaya tana tashi sama da ganguna, kuma wallahi ban taɓa jin ta yi daɗi kamar ranar ba. Motocin suka wuce da gilashi a rufe, kafin ka ce amin sun ɓace.

Da yamma aka nuna ta a talabijin. Unguwa ta taru a gidan mai akwatin, ana ta shewa. Mai tabarau ya aiko a gaya wa Magajiya Zongo ta kyauta.

Washegari da hantsi tana zuba wa wani direba abinci, farantin ya suɓuce daga hannunta na hagu. Ta sunkuya ta ɗauka, sai ta bi shi. Direban ya ce da ta ɗago bakinta ya karkace, tana magana kamar da tuwo a ciki. Direbobin tashar ne suka ɗauke ta, wani ya sauke fasinjojinsa ya kai ta asibiti, ya kuma aiko makaranta a kira ni. Bai karɓi ko sisi ba. Allah ya tsare masa hanya.

Gudan jinin da aka yi mana bayani ya tafi inda ba a so. Ɓarin hagu ya shanye.

Jinyar asibiti wanda ya yi ta ya sani. Ka zo da bokitinka, da tabarmarka, da abincinka, kowane magani a rubuta maka ka fita waje ka nemo, wani farmasi ya ce babu, wani ya ce jiya ya ƙare. Na ɗauki hutu a makaranta na tare a gindin gadonta. Na koyi juya babban mutum ba tare da na ji masa ciwo ba, wata nas 'yar unguwar Bè ce ta koya mini, mace mai faɗa kamar ta cinye ka, mai hannu kamar auduga. Ita ke kiran Yaya "tauraruwar talabijin" tana tsokanarta har sai ta yi ƙoƙarin ramawa, ashe da gangan take yi don harshen ya motsa. Kawu Garba ya zo da ƙullin goro, ya tuna, ya mayar aljihu, ya zauna ba tare da yanke hukunci ba, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Magajiya ta zo da kunu. Ta tsaya a bakin gado ta kasa zama, tana share ido da gefen mayafi.

A lokacin ne aka soma ba Yaya maganin tiroyid ɗin kansa, da na hana jini guda. Likitan nan ya zo zagaye, ya duba ta, ya kira ni waje. Ban roƙe shi ba. Ya zaro takarda ya rubuta hutu daga duk wani aikin motsa jiki har illa ma sha Allah, ya buga hatimi babba. Yanzu kowane likita a ƙasar zai yarda. Na karɓa na ce na gode, don an koya mini ladabi. Bai iya duban idona ba, ni ma ban nemi nasa ba.

Ga abin da nake so mai karatu ya ɗauka. In ka ga babban mutum yana ci yana ramewa, yana jin zafi shi kaɗai, barci ya ƙaurace masa, ƙirji na bugawa ba tsari, kada ka yi masa barka da ƙarfi. A duba wuya, ko bai kai gwanda ba. An ce akwai kuma wanda tasa tsokar nawa take yi, ya yi ta kumbura yana jin sanyi, shi ma zuciyarsa ba ta tsira ba. In likita ya ce kaɗan ne, ka tambaye shi kaɗan a takarda ko kaɗan a ƙirji. Maganin da aka ce kullum, kullum ne.

Muka dawo gida da sanda da takarda. Babbar 'yar Yaya, wadda ta gama makaranta a shekarar, ta karɓi tukunya, hannunta ya yi na uwarta. Ba a daɗe ba Magajiya ta yi sallama da la'asar. Na kai mata takardar, ta juya ta, ta shafa hatimin, ta mayar mini.

"Ta yi kyau. Salamatu ta huta. Amma wurin bakin ƙofa, 'yata... gidan nan sai ya ba da mutum a sahun gaba. Na roƙa, iyakar abin da na samo ke nan." Ta dubi inda yarinyar ke wanke shinkafa.

Akwai dalilan da ba a kai budurwa sahun gaba inda manya ke zaɓe da ido, Magajiya ta san su, ni ma na sani. Yaya ta buga sandarta a ƙasa, ta ce wani abu da ba mu gane ba, ta sake faɗa a hankali.

"Ba ita ba."

"Ni ce, Inna," na ce.

Magajiya ta sake dubana daga ɗankwali zuwa takalmi. Wannan karon ba ta ambaci allo ba. Ta ce waƙar za a ba wata, ni dai in tsaya a gaba in taka.

Aka rage mini atamfar Yaya, tela ya yi dabara kada ɗinki ya bi ta kan fuskar Shugaba. Kowace yamma in na taso daga makaranta, sai a fito da ita tsakar gida a jingina ta da bango, a ajiye mata tire a cinya. Da hannun dama take kiɗa, ni ina takawa, yara na leƙe ta taga suna toshe baki. Maganarta ta soma dawowa, kuma zagi ne ya fara isowa.

"Hagu, Metires. Hagu! Ke da ke koya wa yara hagu da dama."

Na sake. Na tuntuɓe da bokiti. Ta daina kiɗa ta daɗe tana kallona, tana numfashi a hankali, zuciyar nan tana tafiya daidai a karon farko tun da ciwon ya soma.

"Bar ƙafar, ba za ta gyaru ba. Mai tabarau ba ƙafa yake kallo ba. Murmushi."

Na yi.

"Wannan na ranar jarrabawa ne. Duba nan."

Ta ɗaga kai, ta gyara wuya, ta nuna mini da rabin fuskar da ya rage mata.